Ƙwayar da Umma Ta Raba Biyu

Shafi na 27

Masu cika min waya da saƙo wai na bar ku a tsaye, na ji. Ke kuma da kika rubuto cewa in wani abu ya sami Umma ba za ki yafe min ba, ki karanta wannan shafin tukuna, sai mu ga ko kina nan a kan bakanki.

*

Kafson ya rabu biyu a tafin hannuna ba tare da na matsa shi ba.

Ina tsaye ne a gaban madubi, kofin ruwa a ɗaya hannun, ina shirin haɗiye shi kamar kowace safiya. Na tsura wa ɗan farin garin da ya zubo ido. Ko rabin kwanson bai kai ba.

Na ajiye kofin. Yau ranar zuwa asibiti ce, shi ya sa Umma ta haɗo min da kwalbar maganin a kan farantin, don nas tana duba ta duk zuwa. Na zaro wani kafson daga ciki, na murɗa shi a hankali. Da ƙyar ya buɗe, kuma a cike yake taf har baki. Na mayar, na rufe. 

Ni mai kitso ce. Da kan mutane nake ci, da kan mutane nake sha, kuma nawa kan yana mutuwa. Ciwon daga tsakiya ya faro, da ƙaiƙayi, sannan zugi kamar an zuba barkono a ƙarƙashin fata. Inda zugin ya wuce sai gashi ya kakkaɓe, wurin ya yi sumul yana sheƙi. Likita bai ɓoye min ba, ya ce kumburi ne yake cinye saiwar gashin, kuma duk inda tabo ya riga ya kama, to an yi ban kwana har abada. Na sha man shafawa, na sha allura a fatar kai har ina ganin taurari, wurin bai fasa faɗi ba. Yanzu tafin hannuna ba ya rufe shi. Abin da ya rage min shi ne na gaba da na ƙeya, su nake gyarawa su leƙo ta ƙasan ɗankwali don masu zuwa shago su ga kamar komai lafiya.

Wannan maganin na gwaji shi ne ƙofar da ta rage. Ba a sayar da shi a ko'ina. Rabinmu na gaske ake ba mu, rabi kuma garin banza ne a kwanso iri ɗaya, kuma daga mu har Likita babu wanda ya san wanda ke shan wanne. Amma sun yi alkawari, duk wadda ta kai ƙarshen gwajin ba tare da ta karya doka ba, za a ci gaba da ba ta na gasken. Kwalba ɗaya ta rage min in kai.

Ni kuwa da shegen mantuwa, in na fara kai ɗaya ba na tuna ko na ci abinci. Shi ya sa tun farko na damƙa wa Umma kwalbar. Ita ke kawo min ƙwaya ɗaya a faranti kullum da safe, da addu'arta a kai.

Na dunƙule hannuna a kan garin, na nufi kicin.

Tana tsaye ta ba ni baya, ruwan shayi na tafasa. A gefenta ga kofin ƙanwata Auta, mai hoton fure da gutsurarren mariƙi. Auta malamar makaranta ce a bayan layinmu, kuma duk da aurenta ba ta wuce gidan nan da safe ba tare da ta tsaya ta sha shayin Umma ba. Na leƙa kofin. Cokalin zuma ne a ciki, an barbaɗa masa wani abu fari da bai gama nutsewa ba.

"Umma, mene ne wannan?"

"Kofin ƙanwarki."

"Na cikin nake tambaya."

Ta juyo, ta dubi hannuna da na buɗe mata, ta dubi fuskata. Ko gezau ba ta yi ba. Ta kashe wuta, ta goge hannunta da gefen zani.

"Rabonta ne," ta ce.

In kun san Umma za ku san ba wasa take ba. Matar nan tun muna yara ba ta taɓa ba ɗayarmu abu ta hana ɗaya ba. Sabulu da wuƙa take raba mana shi. Dafaffen ƙwai da zare take yanka shi, ta ɗaga ta duba ko gwaiduwar ta zo daidai. Ko duka ne, in ɗaya ta yi laifi, sai ta ɗan lasa wa ɗayar don kada ta yi dariya. Mun girma muna tsokanarta da shi. Yau ban ga abin dariya ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kwalba ta biyu."

Ban san lokacin da muryata ta hau ba. Ban taɓa ɗaga wa Umma murya ba sai ranar, kuma na faɗi maganganun da har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce mata wannan ba sabulu ba ne. Na ce an auna shi ne daidai jikin mutum ɗaya, rabi ba ya yi wa kowa komai sai dai ya cuci mu duka. Na ce duk watannin nan ina zuwa ana ɗaukar hoton kaina, ana zuƙar jinina, ana tambayata ko ina sha yadda aka ce ina rantsuwa, ashe ƙarya nake zuba wa mutane ban sani ba. Na ce in suka gane, korata za su yi.

Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, "Ke kaɗai na haifa?"

"Umma..."

"Ta nuna min tsakiyar kanta, wurin bai fi bakin kofi ba, tana kuka. Kun je tare, aka ɗauke ki, ita aka ce wuri ya cika. To wurinsu ne ya cika. Nawa bai cika ba."

Ta ɗauki cokali ta fara juya zumar, hankalinta kwance.

"Kuma ya yi mata aiki," ta ƙara, har da ɗan alfahari a muryarta. "Yaushe rabon da ki ga tana sosa kai? Ke ma da bakinki kika ce min zugin ya lafa."

Gaskiya ne, na faɗa. Kwanan nan nakan kwanta in tashi ban ji wutar nan ba. Na sa rai, na hana kaina sa rai, na sake sawa. Amma jin ta faɗe shi haka, kamar wadda ta ci riba a kasuwa, sai haushi ya ƙara kama ni.

"Ba ki san abin da nake ji ba," na ce. "Ba ki san yadda mace ke tashi ta tsinci kanta a kan matashi ba. Ba ki san yadda uwa ke janye 'yarta daga tsakanin ƙafafuna da rabin kitso, don ɗankwalina ya zame ta ga abin da ke ƙasa ba. Ke naki yana nan lafiya a ƙunshe, sai ki ɗauki nawa ki yi kyauta da shi."

Cokalin ya tsaya.

 Sannan ta kai hannu biyu bayan wuyanta, ta kwance ɗaurin.

Ni da na yi wa rabin matan unguwar nan kitso, ban taɓa sa kibiya a kan mahaifiyata ba. Kullum cewa take ita ba ta son a taɓa mata kai, da kanta take yin abinta. Da ɗankwali take barci, da shi take fitowa daga wanka. Mun ɗauka kunya ce irin ta manya.

Ƙarƙashin ɗankwalin akwai wata tsohuwar hula ta saƙa da aka cusa wa auduga don ta yi tudu. Ta cire ta.

Babu komai. Daga goshi har kusan ƙeya fata ce zalla, mai santsi, mai ɗaukar hasken taga. Sai 'yan farare ƙalilan a saman kunnuwa, ta tufke su ƙanana da baƙin zare.

Na dafa bango.

"Bayan haihuwar Auta ya fara," ta ce. Muryarta ba ta rawa. "Lokacin babu wanda ya san sunansa. Babanku, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ce min uffan ba. Amma daga ranar da ya gani, in zai shigo ɗaki sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya jira in ɗaura. Har ya koma ga Allah yana yi min wannan karar. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi."

Ta mayar da hular, ta ɗaura ɗankwalin, ta ja shi har gira.

"Ni na ba ku ciwon nan. Ku biyu na ba. To maganin ma ku biyu za ku sha."

 Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, kuma haushinta bai sake ni ba. Ina cikin wannan hali muka ji sallamar Auta daga ƙofa.

Ta shigo da jakar littattafan yara a kafaɗa, fuskarta fal murmushi. Ta durƙusa ta gaida Umma, ta dungure ni da gwiwar hannu, ta ce Yaya wa ya ci miki bashi da sassafe kika haɗe rai haka. Umma ta zuba ruwan zafi a kofin mai fure ta miƙa mata, kamar ba a yi komai ba.

Na riga ta karɓa. Na juye shi a wurin wanke-wanke.

Auta ta yi dariya. "Kin taimake ni wallahi. Kwanan nan ƙamshin zumar nan tayar min da zuciya yake, don dai kada Umma ta ji ba daɗi nake runtse ido in shanye."

Ta ja kujera ta zauna, ta ajiye jakar a ƙasa. Ta dube ni, ta dubi Umma, ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta.

"Dama so nake in same ku tare."

A nan ne na gane, tun kafin ta ƙarasa.

Akwai abin da Umma ba ta sani ba. Ba wuri ne ya cika ba. Ranar da muka je, Likita ya zaunar da mu ya ce maganin nan ba a ba mai ciki, ba a ba mai neman ciki. Ya ce ba su san abin da yake yi wa ɗan da ke cikin mace ba, amma a dabbobin da aka gwada abin bai yi kyau ba. Shi ya sa duk wata sai an gwada fitsarinmu, har ni da aurena ya daɗe da mutuwa. Auta kuwa shekarunta na aure sun yi nisa, sau biyu tana ɓari. Ta ce ba za ta iya rufe wannan ƙofar da hannunta ba, ko da kan zai koma kamar tafin hannu. A hanyar gida ta roƙe ni kada in gaya wa Umma dalilin, don ta gaji da ganin tsohuwar tana ƙirga mata kwanaki da ido. Muka ce wuri ya cika.

"Jiya muka je aka yi hoto," Auta ta ce a hankali. "Cikin ya wuce wata uku. Ban so in faɗa ba sai ya zauna. Wannan karon ya zauna, Yaya. Har bugun zuciyarsa na ji."

Umma ta ɗaga hannu biyu sama. Hawaye suka ɓalle mata, tana hamdala, tana dariya, ta rungumo kan Auta a ƙirjinta. Ta ce ai ita ta san Allah ba zai bar ta haka ba. Ta juyo tana nemana da ido don in taya su murna.

Ina riƙe da kofin da na zubar. 

"Yaya, lafiya?"

"Umma, ki gaya mata."

"Ke ma dai, yau ranar wannan ce?"

"Ki gaya mata abin da ke cikin shayin. Ko ni in faɗa."

Ni ɗin na faɗa. Ban yi kwana-kwana ba, don ban san yadda ake lanƙwasa irin wannan maganar ba. Sannan na juya ga Umma na gaya mata ainihin abin da ya sa aka ƙi ɗaukar Auta, da abin da Likita ya ce game da mai ciki.

Na ga lokacin da maganar ta isa ga kowaccensu. Hannun Auta ya sauka a kan mararta ya tsaya a nan. Umma kuwa murmushin bai bar fuskarta nan take ba, sai da ya ɗan jima a wurin shi kaɗai bayan idanunta sun riga sun gane.

"Kullum?" Auta ta tambaya.

Umma ta gyaɗa kai.

"Tun kafin in samu?"

Ta sake gyaɗa kai.

Auta ta miƙe ta nufi banɗaki da sauri. Muna jin kakarinta. Umma ta zame ta zauna a ƙasan kicin, ta miƙe ƙafafu kamar ƙaramar yarinya, tana ta maimaita cewa ba a gaya mata ba, an ce wuri ne, wuri aka ce.

Da Auta ta dawo, fuskarta a jiƙe, tambaya ɗaya ta yi min.

"Naki na gaske ne ko na banza?"

"Ban sani ba. Babu wanda ya sani."

Ta kai yatsa tsakiyar kanta ta saman mayafi. "Ya daina min ƙaiƙayi," ta ce. "Na ɗauka cikin ne ya sa."

Hanyar sani ɗaya ce, kuma duk mu biyu mun ji ta ranar farko. In abu ya zama na gaggawa, Likita zai iya buga waya cibiyar masu gwajin ya karanta lambar da ke jikin kwalba, su gaya masa abin da ke ciki. Amma da zarar an buɗe wannan sirrin, mai kwalbar ta fita daga gwaji. Balle a ce maganinta ya shiga bakin wani. Ba ƙarshen gwaji, ba na gasken da aka yi alkawari.

Da na bayyana wa Umma haka, sai ta rarrafo ta kama ƙafata. Ta ce to a yi shiru. Daga yau ta daina, in sha nawa cikakke, in ƙarasa kwalbar da ta rage. Abin da Auta ta sha ta riga ta sha, faɗa ba zai fito da shi ba. Allah mai rufin asiri ne. Ta ce kada in bari ta kashe mu duka biyun a rana ɗaya.

Na dubi Auta.  Ba ta roƙe ni ba, ko kallona ba ta yi ba. Da ta roƙa da na sami abin jin haushi.

Na shige ɗaki na rufo ƙofa.

Na cire ɗankwali, na ɗauki ƙaramin madubi na saita shi da babban, yadda nake yi wa amare su ga bayan kitsonsu. Jan da'irar da ke zagaye da tabon ta dusashe. Na danna gefen da yatsa, babu zafi. Gashin da ke bakin iyakar yana tsaye da ƙarfinsa, na ja shi a hankali, bai biyo ni ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin in yi shirun. Na yi shi sosai, ba wucewa ya yi ta raina kawai ba. Na ce Umma ta yi gaskiya, sanin ba zai zuƙe abin da ya shiga jini ba. Na ce wataƙila garin banza ne, in je in zubar da damata a kan hoda. Na ce ni ban yi laifin komai ba, me ya sa ni zan biya. Na tuna kan Umma, na ga nawa a wurin. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na ji muryar Auta ta bango. Lallashin Umma take yi. Tana ce mata ta daina kuka, ba da mugunta ta yi ba, in sha Allahu babu abin da zai faru. Muryar na karyewa tana gyarawa. Ita za ta kwana da wannan tambayar har ranar haihuwa, kuma duk likitan da zai duba cikin nan zai duba ne ido a rufe, bai san abin da zai nema ba.

Na ɗaura ɗankwalina. Wannan karon ban tsaya fito da na gaba ba. Na jefa kwalbar a jaka.

"Ku tashi," na ce da na fito. "Auta, ki kira makaranta ki ce ba za ki shigo ba."

Muka shiga motar haya. Umma na tsakiya, hannunta ɗaya a kan gwiwata, ɗaya a kan ta Auta.

Sashen fata yana hawa na biyu, ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Matan da muke gwajin tare suna jere a benci, kowacce da irin ɗaurinta, mun san juna da ido ba ma tambayar juna. Nas ɗin da ke kula da mu, wata 'yar gajeriya mai rataye gilashi da igiya, ta hango ni ta washe baki.

"Mai Kitso, yau har da 'yan rakiya? Ko kin ji labari ne?" Ta matso ta rage murya. "Likita ya jera hotunanki jiya. Ban ce miki komai ba fa, amma ya yi murmushi."

Na ce mata ina so in gan shi kafin a ɗebi jini, kuma mu uku za mu shiga. Ta dubi idanun Umma da suka kumbura, ta sa gilashinta, ta buɗe mana ƙofa ba tare da ta ƙara wasa ba.

Likita dattijo ne mai sanyin magana. Na ajiye kwalbar a kan teburinsa, kusa da fitilar da yake haska min kai da ita, na faɗa masa komai a tsaye. Bai katse ni ba. Da na kai wurin cikin, sai ya ajiye biron da ke hannunsa.

Ya yi wa Auta tambayoyi, yaushe ta sha na ƙarshe, ko ta ga jini, ko tana shan wani abu daban. Ta amsa da ƙyar. Umma ta zube a gaban teburin ta ce ita ce, ita kaɗai ce, yarinyar nan ba ta san komai ba sai yau da safe, a yi mata duk hukuncin da za a yi amma kada a cire 'yarta.

"Mama, tashi ki zauna," ya ce. "Babu wanda zai hukunta ki a nan."

Ya juyo gare ni.

"Tun da kika faɗa, ba ni da zaɓi, dole in kira. Amma ina so ki ji daga bakina. In na ajiye wayar nan, kin fita. Ba ni da ikon mayar da ke."

"Na sani."

"Kuma abin da aka yi alkawari a ƙarshe..."

"Na sani, Likita. Ka kira."

Ya ɗauki kwalbar ya juya ta inda lambar take. Ya ɗaga waya.

Umma ta zauna a kujerar tsakiya, leɓunanta na motsi. Duk watannin nan, kowace safiya, addu'arta ɗaya ce a kan farantin, Allah ya sa na gaske aka ba ni. Yanzu na kasa kunne na ji abin da take cewa.

"Allah ka sa garin banza ne. Allah ka sa garin banza ne."

In garin banza ne, to sauƙin da na ji zuciyata ce ta yaudare ni, wutar tana nan tana ci, kuma na zubar da damata a kan babu. In na gaske ne, to ko rabinsa ya yi min aiki, kuma ba zan sake ganinsa ba, ga kuma ɗan da ke cikin Auta. Ban san wanne zan roƙa ba. Sai kawai na ji bakina yana amsa wa Umma da amin.

Likita ya faɗi sunansa, ya faɗi dalili a taƙaice, ya karanta lambar a hankali. Ya yi shiru yana sauraro. Fankar sama na ta juyawa.

"Maimaita min," ya ce.

Ya sake yin shiru.

"Na gode."

Ya ajiye wayar. Na zuba masa ido ina jira ya dube ni, don ni ce mai kwalbar, ni ya saba duba.

Bai dube ni ba.

Ya ce wa nas ta rufe ƙofa. Ya taso daga bayan teburin, ya jawo kujerarsa har gaban Auta, ya zauna.

"Malama," ya ce, "ki kira mijinki ya zo yanzu."